Jar Masarar Afiniki da Tukunyar Kofi

Afiniki ƙawata ce tun muna 'yan mata a Zonkwa, yau kuma wata uku ke nan da muka binne ta. Gajeriyar mace ce mai saurin tafiya, in ta yi dariya dukan jikinta ke yi. A da idanunta kullum jajaye ne saboda hayaƙin itace da ta sha tun tana ƙarama.

Da ta auri Kumai, mai sayar da tikiti a tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan, uwarta, Mama Tagwai, ta ba ta irin wata jar masara da danginsu suka gada. Kowace kaka Afiniki takan zaɓi masu kyau guda goma, ta ɗaure su da ɓawonsu, ta rataye a saman murhu, yadda ta ga ana yi a gida. Ba ta taɓa tambayar dalili ba. A wurinta, nan ake ajiye iri, shi ke nan.

A shekarar 1975 aka ƙara wa ma'aikata albashi. Kumai ya ce ta ɗaura zanen zuwa majami'a, ya kai ta kantin wani mai suna Zamani a bakin kasuwa, ya ce ta zaɓi abin da ranta yake so. Ta zagaya firij mai aiki da kananzir, ta buɗe, ta rufe, ta ce, "Me zan sa a ciki? Miyata ba ta kwana." Sai ta tsaya a gaban wani koren risho mai kai biyu. Zamani ya kunna mata, wuta ta tashi shuɗiya, ba hayaƙi ko kaɗan. Afiniki ta durƙusa ta kai fuskarta kusa, ta jira hawaye, ba su zo ba.

"Wannan nake so, Baban Silvanus."

Shi kuwa Kumai idonsa na kan wata tukunyar dafa kofi mai ƙyalli, mai murfi da igiyar lantarki. Ya taɓa ganin irinta a gidan wani likita.

"Maigida, ina za ka soka wutsiyar nan? A hancina? Gidanmu ko ƙwan lantarki babu."

"Wuta na zuwa, Maman Silvanus. An riga an kafa sanduna."

"Tun ina da cikin Silvanus ake kafa sandunan nan."

Duk da haka ya saya. Aka ɗora tukunyar a kan kabad, kowace Asabar yana goge ta da ƙyalle.

Risho kam ya yi mata rana. Idanunta suka washe, tarin da take yi ya tafi. Matan zumunta na majami'armu suka riƙa zuwa kallo, tana dafa musu shayin citta tana nuna musu yadda ake gyara lagwani. Murhu ya huce, har kaza ta yi ƙwai a tsakanin duwatsunsa. Da kaka ta zo, Afiniki ta rataye masararta a inda ta saba.

A ranin nan Mama Tagwai ta rasu. Wurin makoki Afiniki ta ji cewa 'yan'uwanta sun daina shuka jar masara, duk sun koma wa farar da malaman gona suka kawo. Wadda ke rataye a kicin ɗinta ita kaɗai ta rage.

Ranar da aka yi ruwan farko, ta taka turmi ta kwance damin. Ta ji shi sakwat, gari ya zubo mata a fuska. Ta ɓare ɗaya, ƙwari suka watse a tafin hannunta, ƙwayoyin duk sun huje. Sai ta lura ɓawon fari ne tas, alhali a da baƙi ƙirin take sauke shi. Nan ta gane: ashe hayaƙin da ke cin idonta shi ne mai gadin irin.

Da Kumai ya dawo daga aiki ya same ta zaune a ƙasa, masara a cinya.

"Mama ta mutu sau biyu, na biyun ni na kashe ta," ta ce.

Ya tuɓe rigar aikinsa, ya ɗebo ruwa a kwano, suka ɓarje masarar gaba ɗaya suka zuba. Waɗanda ƙwari suka ci suka taso sama, suka kwashe. A gindin kwano aka sami 'yan kaɗan, ko tafin hannu ba su cika ba.

Ta shuka rabi a bayan gida, ta kewaye da ƙaya saboda awaki. Sauran ta shanya, ta gauraya da toka kamar yadda uwarta ke yi wa wake, ta shiga neman abu mai murfin da ƙwaro ba zai ratsa ba. Ta duba gwangwani, ta duba kwalba, sai idonta ya kai kan kabad.

"A'a, Maman Silvanus!"

"In wuta ta zo zan mayar maka."

Kumai ya daɗe yana kallon tukunyarsa, sannan ya sauko da ita da hannunsa, ya goge, ya miƙa mata.

Masarar ta fito, ta yi goyo. Afiniki ba ta bar rishonta ba, amma duk Asabar takan hura murhu ta dafa wake, don hayaƙi ya gaisa da iri, in ji ta. Kuma kowace shekara takan cika tukunyar da toka da ƙwaya, ko da tsautsayi. Da lantarki ya iso unguwarsu a 1978, ta tuna wa Kumai alkawarinta. Ya ce ai kofi ma ɗaci gare shi.

Ciwon kwana tara ne ya ɗauke ta. Bayan jana'iza Kumai ya buɗe tukunyar, ya ɗibar wa kowace matar zumunta kaɗan a hannu. Nawa na shuka a bayan ɗaki. Kullum da safe nakan je in duba, in ce mata, "Afiniki, masararki ta kai gwiwa."