Muryar Inna a Faifai Huɗu

Hannunsa na fara gani kafin fuskarsa. Ya ɗora shi a kan akwatin kwamfutar da ke kusurwar ofishinmu a Yelwan Yauri, kamar mai duba zazzaɓin ɗansa. Lokacin kaina cike yake da littattafan soyayya na kasuwa, sai na ce a raina, to ga nawa nan ya iso, a motar Birnin Kebbi.

Aikinmu shi ne tara hirar tsofaffin da aka taso daga tsibirai sa'ad da ruwan Kainji ya cinye garuruwansu. Mukan bi su Wara da Shanga da rikoda, mu juye a akwatin, a goge kaset ɗin a sake ɗaukar wata hirar a kansa. A ciki har da muryar Innata tana lissafa unguwannin tsibirinsu, damina ɗaya kafin ta rasu. Faifai huɗu ne na ajiya a akwatin suna aiki tare. Sun cika, shi ne aka kira injiniya ya ƙara na biyar.

Ya yi wa shugabanmu bayani. Kafin na biyar ya shiga, sai an karanta huɗun nan kaf an sake raba musu kaya. In ɗaya ya mutu a hanya, sauran za su riƙe. In biyu ne, shi ke nan.

"Yallaɓai, akwai faifan da ya taɓa yin ƙara, ko ya kunna jar fitila? In akwai, sai in koma in zo da abin da zan kwafe komai tukuna."

"Ina! Sun fi ni lafiya, Injiniya. Yi aikinka."

Ni na san biyu suna ƙara duk bazara. Shugaban da kansa ya koya mini in zare su in mayar har fitilar ta koma kore. Amma sa'an babana ne, kuma a gidanmu ba a ƙaryata babba a gaban baƙo.

Injiniya ya juyo. "Malama, ke da kike yini da shi fa?"

Na sunkuyar da kai. "Yadda Yallaɓai ya ce."

Injiniya ya shiga saitin na'urar da ke sarrafa fayafayan, ya danna, aiki ya fara tafiya a hankali. Ya yi murmushi ya ce, "Wai haka kuke barin baƙo a Yauri, ko ƙayar kifi bai gani ba?"

Na tafi bakin ruwa na zaɓo masa gasasshe, ina tsara maganar da zan yi idan na miƙa masa. Na dawo kafin la'asar. Tun daga ƙofa na ji ƙarar. Fitila biyu sun yi ja.

Kwana biyu ya yi yana fama, bai ceto ko gaisuwar tsoho ɗaya ba. Shugaba ya rubuta rahoto cewa gangancin injiniya ne. Ni na buga shi a takarda.

Bayan shekaru na je biki Wara, na gan shi a mashigi, ya yi furfura, yana gyaran injin jirgin ruwa. Wata mai kifi ta ce tun da aka sallame shi daga aiki yake nan, kuma ba ya taɓa injin kowa sai mai shi ya rantse ya faɗi duk ciwon da ya sani. Na gaishe shi, ya amsa da ladabi. Bai gane ni ba.