Ƙasar da aka zaɓa wa baƙo

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zai kwashe labarin buhu ukun ƙasa da na ɗauko daga wani ƙauye kusa da Tabla ba.

Lokacin ban daɗe da gama karatu ba, ina aiki a wani labo, wato ɗakin gwajin ƙasa, a Yamai. Za a gina aji biyu a ƙauyen, aka tura ni in ɗebo ƙasar filin. Rahoton farko ke nan da zai ɗauki sa hannuna. Na isa rana ta take, maigari ya shimfiɗa mini tabarma a inuwar gawo, aka kawo fura. Ni kuwa babban injiniya, ina ni ina riƙe diga? Na nuna filin da yatsa, na miƙa buhuna uku, ina zaune aka ciko mini su.

Da na koma Yamai, kwana uku na yi a kan ƙasar nan. Na tankaɗe ta, na kwaɓa, na shafa a ɗan kofin tagulla, na tsaga ta a tsakiya, ina juya hannun na'ura kofin na bugawa, ina ƙirgawa har tsagar ta haɗe. Da haka ake sanin yawan ruwan da ƙasa ke sha kafin ta koma kunu. Sau huɗu na maimaita, don kar a ce na yi sakaci. Na rubuta cewa ƙasa ce mai kyau, na sa hannu har da ƙawa.

Aka yi ginin. Damina ɗaya bangon ya gani, ya tsage yadda hannu ke shiga. Aka fitar da yara, suka koma rumfar zana. Na koma ƙauyen, na haƙa filin da kaina, sai ga baƙar laka mai danƙo, irin mai kumbura in ta sha ruwa.

Na tambayi maigari ina aka samo waccan ƙasar da aka cika mini buhuna da ita.

Ya ce, "Haba ɗana, wagga baƙar laka za mu ba baƙo ya kai Yamai, a ce ita ag gare mu? Inda muka ɗibar ta ginin rumbu munka zaɓo maka. Hilin ga kam, da ka tambaya, ko ɗaki ba ya tsayawa."

Kunya ta rufe ni, na rasa wanda zan zarga. Su karamci suka yi, na'ura kuma gaskiya ta faɗa a kan abin da na ba ta. Tun ranar ban sake sa hannu a kan ƙasar da ba a gabana aka haƙo ta ba.