Wadda Ta Tafi Daji Neman Itace

Gidan haya muka zauna a Gaya, bakin iyakar Benin, farkon aurena, ɗakuna a jere, rijiya ɗaya, tele ɗaya ta mai gida da ake fitarwa ƙarƙashin rumfa. Finafinan tsafi na ƙasashen bakin teku su ne abincin gidan. Daga an sauke tukunyar rana sai ihu ya tashi: boka da jan ƙyalle, jinin kaza, mace tana soka allura a cikin 'yar tsana, can wani gari kuma mutum ya dafe ƙirji ya faɗi. Ni ban taɓa son su ba. Matan gidan kuwa har gardama suke yi a kai, kamar darasin 'yan boko a lakwal.

Ɗakin da ke kusa da nawa na wata mata ce daga kudancin Benin. Mijinta direban kamyo ne, babbar motar kaya, ya fi daɗewa a hanyar Kwatano a kan gida. Uwar 'yan biyu muke ce mata, ko da yake ɗiya ɗaya muke gani. Ɗayar 'yar tsana ce ta itace, ba ta fi tsawon tafin hannu ba, kullum tana soke a ƙugun zanenta. In ta yi wa mai ran wanka sai ta yi wa ta itacen. In ta zuba abinci sai ta ɗiba kaɗan a wani ɗan kwano.

Na taɓa tambayar ta muna gyaran kifi.

"Yaya, yaushe ta rasu?"

Ta rufe mini baki da hannu mai ƙarnin kifi. "A wurinmu ba a faɗin haka. Ta tafi daji neman itace. In 'yar'uwarta ta ji an ce ba za ta dawo ba, bin ta za ta yi."

Matar nan tana salla, tana azumi. Wannan abu ɗaya ne ta ƙetaro gadar iyaka da shi daga gidan uwarta, kuma ban ga wanda ya tsare wa komai ba.

Damina ta yi nisa, sauro ya yi mana yawa, ɗan matar mai gida ya kwanta da zazzaɓi har yana sanƙarewa. Salla kuma ta matso. Uwar 'yan biyu ta karɓo ɗinkin ɗiyarta, ta zauna bakin ƙofa da ƙyallen da ya rage tana ɗinka wa ta itacen irinsa a jikinta. Miyarta ta fara kamu, ta soke allurar a ƙirjin rigar, ta ajiye 'yar itacen a tabarma ta tashi.

Matar mai gida ta fito daga ɗakin marar lafiya ta gani. Ƙarar da ta yi har yau tana kunnena.

Nan da nan tsakar gida ya cika. Ba wanda ya tambayi komai, kowa ya riga ya ga wannan a tele. Na ce musu ɗinki take yi, ga zaren nan a jikin allurar, su buɗe ido su duba. Wata ta ce ni ma an shanye ni. Na zage ta, zagin da ban yi nadamarsa ba. Ƙanen mai gida ya sa muciya ya ɗauki 'yar itacen, don tsoron taɓa ta da hannu, ya jefa a murhun da miyar ke kai.

Uwar ta cusa hannu cikin wuta. Mata biyu suka riƙe ta. Itacen ya sha man shafawa shekara da shekaru, bai yi gardamar ci ba. Ɗiyar tana tsaye da sabuwar rigarta, tana kallon irinta tana ƙonewa.

Yaron ya warke bayan an kai shi gidan likita, aka ce ai ga shi, ƙona abin ne ya yi magani. Wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Washegarin ƙona 'yar itacen na shiga in shafa wa uwar 'yan biyu magani a hannu. Na tarar ta kife ɗan kwanon. Ɗiyar ta raɓo jikinta ta ce, "Inna, yaushe za ta dawo daga dajin?"

Matar ta dubi hannunta da ya kumbura. Sannan ta jawo yarinyar, ta ɗaure ta a baya da zane tamau, yarinyar da ta wuce goyo tuni, ƙafafunta na reto har gwiwar uwar.

"Ƙanwata," ta ce mini, "rufe ƙofar. Kar ki bari ta fita."