Ranar da na ƙara wa Baba maɓalli biyu

Shekarar da na zo karatu Manchester, maƙwabcina a unguwar Moss Side wani dattijo ne ɗan Jamaika, tsohon direban bas. Duk Asabar da rana shi da abokansa biyu suna buga wasan kati na poka a kicin ɗinsa. Da ya gayyace ni na ce, "Baba, ni fa ba na caca." Sai ya kwashe da dariya, ya juye gwangwanin biskit a tebur, ashe maɓallan riga suke zubawa maimakon kuɗi. Wasansu mai iyaka ne, in za ka ƙara a kan abin da wani ya zuba, maɓalli biyu ne kawai.

Na iya wasan da wuri, amma na shigo da tarbiyyar gidanmu. Ko kati mai kyau ne a hannuna, in Baba ya zuba ba na iya ƙara masa. Ta ina zan ja da sa'an kakana? Sai in sunkuyar da kai in ajiye katin in bar masa, wai ni mai ladabi.

Wata Asabar ya miƙa hannu ya buɗe katin da na ajiye, ya ga sarakuna uku. Sai ya ce, "Tun da na yi jinya kowa lallaɓa ni yake kamar ƙwai. Kai ma? In tausayina za ka ji, zauna a ɗakinka." Wallahi na ji kunya, na kuma ji tsoro, don shi kaɗai ke ƙwanƙwasa mini ƙofa a garin nan.

Satin na tafi Birmingham wurin yayata a Lozells. A wani shagon gwanjo na tsinci littafin poka wanda ya girme ni, takardunsa har sun yi ja. Yayata ta harare ni ta ce, "Karatun ke nan? Wannan za ka kai wa supervisor ɗinka a uni?" Sababbin littattafan poka da na taɓa leƙawa duk lissafin kwamfuta ne, na masu wasa marar iyaka. Wannan kuwa an rubuta shi ne don mutanen da ke zaune ido da ido. Ya koya mini kallon hannun mutum lokacin da yake zubawa, ya kuma nuna mini cewa wanda ya ƙi ƙari da kati mai kyau ya ɓata wa kowa wasan. A bas na cinye shi kafin mu iso Manchester, kuma har yau ina gode wa wanda ya rubuta shi.

Da Asabar ta zagayo na koma wurin wasan ba gayyata. Baba ya buɗe ƙofa ya koma kujerarsa. Aka raba, ya zuba biyu. Na ɗaga kai na dube shi, na ƙara. Ya ƙara, na sake ƙarawa, na buɗe na cinye shi tas. Ya bugi tebur, ya zazzage ni da Turancin Jamaika, idanunsa na ƙyalli, ya ce, "Raba kati, yaro, yau sai na rama." Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.