Gilashin da Baba ya sa wa fitilar ruwa

Shekaru sun ɗan ja, mai yiwuwa na haɗa wata rana da wata, amma abin da na riƙe ke nan.

Bayan na gama jami'a na sami aiki a wata ƙaramar masana'antar ruwan leda, wato fiya wata, a Zuru. Mai wurin tsohon soja ne, kowa Baba yake ce masa. Aikina kula da tsabtar ruwa. Daga bohol ruwan yake bi ta matatai, sannan ya ratsa wani bututun ƙarfe mai fitilar UV a ciki, wadda haskenta ke kashe ƙwayoyin cuta. Fitilar tana zaune cikin kube na wani gilashi na musamman da ake kira kwaz, don gilashin gida tare hasken da ke kashe ƙwayoyin yake yi, ya bar shuɗin da ido ke gani kawai. Na bayyana wa Baba wannan tun ranar da muka zaɓi kayan, kuma ina jin ya gyaɗa kai.

Wani mako na je Dirin Daji gaisuwar rasuwa. Da na dawo na tarar kuben ya fashe garin wanki, Baba kuma ya samo wani a shagon masu kayan lantarki a kasuwa. Tsawo ɗaya, kauri ɗaya.

"Baba, wannan fa ina tsoron gilashin gida ne."

"Injiniya, leƙa ka gani. Fitilar tana ci ko ba ta ci?"

"Tana ci, Baba, amma..."

"To! A bariki, in fitila ta kama, aiki ya yi. Kai kullum amma, amma. Ko matarka amma za ka sa mata suna?"

Ma'aikata suka tuntsire da dariya. Ni kuwa hankalina yana kan buhunan ruwan da aka jibge bakin ƙofa, na taron mata na wata majami'a a Ribah, masu goyo da ƙananan yara. Na ce ba ni da tabbacin ruwan zai cutar da kowa, amma ba ni da tabbacin ba zai cutar ba. Baba ya ce bai taɓa ganin mai ilimin da ba shi da tabbacin komai kamar ni ba. Na kashe injin, na zauna a kan buhunan.

Sai da kube na gaske ya iso daga Kaduna aka ci gaba da aiki. Matan suka sayi ruwa a wani wurin. Baba ya daɗe yana aiko mini saƙo ta bakin direbanmu, alhali ina tsaye gabansa.

Abin da har yanzu ke ci mini rai shi ne kwanakin da ba na nan. Direba ya ce babu buhun da ya fita. Wani ɗan acaba kuma ya ce shi da kansa ya kai wasu garin Kanya. Duk wanda ya yi aiki a wurin lokacin, don Allah ya aiko mini da abin da ya sani, ko da zai ƙaryata ni.