Ranar da Kunya Ta Zaunar da Ni

Shekarun baya masu nisa, a shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira, na haifi ɗana na fari a Birnin Kudu. Namiji ne, mai cikar gashi, ga barci kamar kasa. Na yi wankan jego a gidan mahaifiyata, kwana arba'in cur, ruwan zafi safe da yamma, kunun kanwa kuwa na sha har ya fita raina. A lokacin ina yi wa kaina kallon wayayya. Na yi aji huɗu a firamare, ina iya karanta wasiƙa, ina kuma da wani takalmi mai tsini da maigidana ya sayo min daga Kano, wanda ban taɓa yin taku goma da shi ban turguɗe ba.

'Yan matan yanzu ba lalle su san kunyar ɗan fari ba. A zamaninmu ɗan fari ba naki ba ne a gaban mutane. Ba kya kiran sunansa, ba kya yi masa wasa, in yana kuka sai kin jira wata babba ta ɗauko ta miƙo miki, ke kuma ki karɓa kina kawar da kai kamar an ɗora miki dole. Duk wadda ta fi iya wannan, ita ce 'yar mutunci. Ni kuwa na ƙware, har alfahari nake yi da shi.

Amma in an shiga ɗaki, mahaifiyata tana da dokarta. A ƙasa yake kwana, kan tabarma, da zane ɗaya a ninke a ƙarƙashinsa, ba matashi, ba tarkace kusa da fuskarsa. Takan ce wanda ke ƙasa ba ya faɗowa, kuma jariri ba a ajiye shi sai inda ido ke kaiwa.

Da muka yi arba'in sai maganar yawon kai jariri wurin dangi ta taso. Ta zo daidai da bikin ƙanwar maigidana a Kwandiko, can ƙasar Gwaram, inda danginsa suke. Shi direban babbar mota ne, yana da lodin hatsi zuwa Kano, sai ya ce in yi gaba zai same mu. Ranar tafiya Inna ta rako ni har tasha tana yi min huɗuba.

"Gidan surukai za ki. Kada in ji an ce kina rawar kai a kan yaron nan. Abin da manya suka yi da shi, ki zuba ido. Kada ki ba ni kunya."

Na ce, "To, Inna."

Wadda ta sauke ni ita ce goggon maigidana, ƙanwar mahaifinsa. Ita ta raine shi tun rasuwar mahaifiyarsa, kuma Allah bai bar mata ɗa ko ɗaya a raye ba. Sunan yayanta aka sa wa jaririn, don haka tun daga zaure ta kwance shi daga bayana tana cewa, "Yaya ya dawo, Yaya ya dawo." Ban taɓa ganin mutum ya so yaro kamar yadda matar nan ta so shi ba. Ina so a riƙe wannan, don kada wani ya karanta abin da ya biyo baya ya zage ta.

A ƙuryar ɗakinta akwai gadon ƙarfe mai rumfa, da katifar audugar rimi mai laushi, wadda in ka danna hannu sai ya nutse. Maigidana ne ya saya mata da ya fara samun kuɗin mota. Duk unguwar babu irinsa. Ita kanta ba ta kwana a kai, a tabarma take kwana a gefensa, gadon na kallo ne da sauke manyan baƙi.

Washegari ranar ɗaurin aure, bazara ce, zafi tun da hantsi. Na shayar da yaron a wani lungu inda ba kowa, ya yi barci. Na shimfiɗa zanena a inuwar rumfar tsakar gida, kusa da inda za mu yi girki, zan kwantar da shi. Sai Goggo ta gan ni.

"Haba 'yar nan, Yayan nawa za ki yasar a ƙasa kamar ƙwarya? Ga kaji, ga ƙafafun mutane. Kawo shi. Yau gadon nan ya sami mai shi."

Na bi ta a baya har ƙofar ɗaki. Na ga ta kwantar da shi can ciki wajen bango, ta jera matasai biyu a gefensa don kada ya mirgino, ta lulluɓe shi da wani sabon zane har kai saboda ƙudaje. Ɗakin taga ɗaya gare shi, 'yar ƙarama, ita ma an toshe ta da tsumma. Raina bai kwanta ba. Bakina ya buɗe zan ce, Goggo, a ƙasa ya saba. Sai na tuna huɗubar tasha, na mayar da maganar ciki.

Matar gida ba ta zama ranar biki. Aka ba ni tukunyar tuwo, irin babbar nan da sai mutum biyu ke sauke ta. Daga inda nake ina hango ƙofar ɗakin Goggo. Mata suka fara isowa daga Maruta da sauran ƙauyuka, kowace ta sha rana, kowace da ƙunshin kayan da za ta canza da yamma. Ɗakin Goggo shi ne ɗakin babba, nan kowa ke fara shiga. Sai in ga mace ta shiga da mayafi da ƙunshi a ka, ta fito hannu sake tana fifita da gefen ɗankwali. Ban kawo komai a raina ba, tunanina kawai kada hayaniyarsu ta tashe shi.

Wajen azahar nono ya kawo, har ya jiƙa min gaban riga. Na lissafa, yaron ya wuce lokacin da ya saba tashi. Na jingine muciya na miƙe.

Yayar maigidana tana gefe tana gyaran kayan miya. Mace ce mai barkwanci, ba mugunta a ranta. Ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ina zuwa, amarya? Ku ga 'yan Birnin Kudu, ɗan fari guda har an fara kewarsa. Mu a nan sai da aka yi mana tuni muke sanin mun haihu."

Aka kwashe da dariya. Goggo tana rabon goro, ita ma tana dariyar ta ce, "Zauna abinki, 'yar nan. Barci yake. In ya motsa ai za mu ji."

Na zauna. Na ma yi murmushi na ce ruwa zan sha. Na ɗauki muciyata na ci gaba da tuƙi, ƙirjina yana min zafi, kunnena yana ƙofar ɗakin. Ga kiɗan ƙwarya, ga guɗa, ga daka. Ko da ya yi kuka, wa zai ji? Wannan tambayar ta zo min a lokacin, ba daga baya ba. Duk da haka ban tashi ba. Tsoron dariyar mata ya fi ƙarfina.

Sai da aka kira la'asar na sami hujjar da ba mai yi min ba'a a kanta. Na ce zan ɗauko mayafina in yi salla. Na shiga ɗakin, ban ga komai ba, don wanda ya fito daga rana ya shiga ɗakin nan sai ya tsaya kafin idonsa ya washe. A tsayuwar nan na gane abin da ya faru da kowace mace da ta shigo kafin ni. Ba wadda ta ga jariri. Gado suka gani a duhu, da wani abu lulluɓe da zane a tsakanin matasai, mai kama da ƙunshin wata.

Gadon ya cika da kaya har ya yi tudu. Mayafai, zannuwa, ƙunshi a kan ƙunshi. Abin da har yau nake jin haushin kaina a kansa, mayafin farko da na ɗaga sai da na ninke shi na ajiye a gefe, don na manya ne. Daga na biyu ne na shiga watsar da su ƙasa.

Na same shi a kife, fuskarsa ta nutse a cikin katifa, a ɗan kwarin da ke tsakaninta da bango. Jikinsa da ɗumi, sai na yi hamdala. Na zauna a ƙasa na sa masa nono a baki. Nonon yana zuba a kumatunsa, bai kama ba. Na jijjiga shi, na hura masa iska a fuska, na sake sa masa. Ɗumin na zafin ɗakin ne.

Ban yi ihu ba. Na fito bakin ƙofa da shi a hannu na ce, "Goggo, zo ki duba min, ya ƙi kamawa." Ta zo ta karɓe shi, ta kara kunnenta a ƙirjinsa, ta kalli gadon, ta kalli kayan da ke zube a ƙasa. Sai ta sulale ta zauna tana salati. Kiɗa ya tsaya. Mata suka yi ta shigowa kowace tana tsintar mayafinta a ƙasa, ba wadda ta iya kallon 'yar'uwarta.

Kafin magariba maza sun kai shi. A cikin ɗan ƙyalle aka fita da shi, a hannun mutum ɗaya. Amaryar da ake bikinta kuwa aka kai ta ɗakinta shiru, ba guɗa. Wasu suka ce kwanansa ne ya ƙare, wasu suka ce iska ce, wata tsohuwa har ta fara laluben wanda ya yi masa baki. Ba wanda ya ambaci gado.

Ɗan fari ba a yi masa kuka a gaban surukai, don haka ban yi ba. Ina zaune kaina a sunkuye ana ta shigowa gaisuwa, ina jin mata suna cewa, "Kai, yarinyar nan akwai kunya da dauriya, an yi mata tarbiyya." Yabon nan ya fi min zagi ciwo, kuma har gobe in na tuna shi sai na ji ɗaci a bakina.

Maigidana ya iso washegari da 'yar hular saƙa da ya sayo wa yaron a Kano. Tun a hanya aka tare shi da labari. Bai ce min komai ba sai "Allah ya ba mu haƙuri," ni ma na ce amin. Mun yi shekara arba'in da wani abu tare bayan nan, bai taɓa tambayata yadda aka yi ba.

Mahaifiyata ce ta tambaya. Da na koma Birnin Kudu, ta bari sai da masu gaisuwa suka watse, ta rufe ƙofa ta ce, "Kina ina?"

Na ce, "Ina tuƙa tuwo, Inna. Na tashi zan duba shi aka yi min dariya, sai na zauna."

Sai ta ce, "Ni na ce ki zuba ido." A ɗakin nan ne na yi kukana na farko, ita ma ta yi nata. Nonon ya yi kwanaki yana zuba kafin ya kafe, ana ɗaure min ƙirji da zane.

Allah ya ba ni 'ya'ya bakwai bayansa, shida suna raye. Tun daga na biyu na ajiye kunya. Duk gidan da na je da goyo, tabarmata na naɗe a hammata. A ƙasa zan kwantar da shi, a rigingine, fuska a buɗe, a inda ina ganinsa, ko gidan wane ne. An kira ni marar ta-ido, an ce boko ya ɓata ni, ni da ko aji biyar ban kai ba. Yanzu da na tsufa, jikokina sun san halina. In na shiga gidan biki, kafin in gaisa da kowa sai na leƙa ɗakuna na ɗaga kayan da ke kan gado. Surukaina mata kuwa, tun ranar suna nake gaya wa kowace: in ranki ya ce ki tashi ki duba, ki tashi, ko ni ce nake magana. Na yarda kwana in ya ƙare ya ƙare, amma ai Allah ma cewa ya yi tashi in taimake ka.

Goggo ba ta ƙara zama daidai ba. Ba ta sake ɗaukar jaririn kowa ba, ko an miƙa mata sai ta ce hannunta na ciwo. Shekara tara bayan nan aka aiko tana jinya tana nemana. Na je na same ta ta rame, murya da ƙyar. Ta sa aka fita aka bar mu, ta kama hannuna.

"Na ga lokacin da kika miƙe ran nan. Na ga rigarki a jiƙe. Ni na ce ki zauna. Ki yafe min, 'yar nan, kada in je da shi."

Na ce, "Goggo, na yafe miki duniya da lahira." Kuma har zuciyata na faɗa. Na yafe wa yayar maigidana, na yafe wa Inna, na yafe wa duk matan da suka ajiye kaya, don ba wadda ta sani. Mutum ɗaya ce ta sani a gidan nan, jikinta ya gaya mata, ta miƙe tsaye, tsakaninta da ƙofa bai fi taku ashirin ba, sannan ta koma ta zauna. Na haura shekara hamsin ina roƙon Allah ya ba ni ikon yafe mata, har yau ban iya ba.