Baba Ya Shanye Min Turare

Ina zuba sabon itacen turarena a kasko, hayaƙi ya tashi da wari kamar an ƙona tsohon takalmi. Matan Konni biyu da suka tsallako Illela sayen turaren wuta a wurina sai tari suke yi.

Ashe yayana ne ya haɗa aikin. Ƙunshi biyu ya kawo daga Chana, itacen ƙamshi nawa, saiwar ciwon baya ta Baba. Da yake ba mai iya karanta rubutun jikinsu, sai ya musanya.

Na ruga zaure, na tarar da Baba riƙe da kofi, ko'ina ƙamshi kamar ɗakin amarya.

Na ce, "Baba, ai turarena kuke dafawa kuna sha."

Ya ce, "Mi? Tun da nif fara shan shi bayana yas saki, tashi nike daga sujada ba dafa bango. Riƙe naki, in riƙe nawa."

Ko tsinke ya hana ni. Yanzu ko gyatsa ya yi a masallaci, sai na kusa da shi ya tambayi inda yake sayen turare.

Jama'a, in ƙwato kayana, ko in riƙa zaunar da Baba a shago yana yi min talla?